Gudun Malam Birki

Mijina ya koya wa rabin garin nan tuƙi, amma ni ya kasa koya mini. Shi kuma cewa yake ni ce na kasa koyo. A haka muka bar maganar shekara da shekaru, kowa da tasa.

Ɗalibansa suna kiransa Malam Birki. Da farko a bayan idonsa suke faɗa, daga baya har a gabansa, ya kuma riƙa amsawa. Motar makarantar tuƙin da yake aiki da ita birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a ƙafar malami, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya san wanne ne ya fi shan wahala. Ko motar haya muka shiga ƙafarsa ta dama ba ta hutawa, yana ta danna ƙasan mota yana laluben birkin da babu. Duk takalman da ya saya, na dama ne ke fara cinyewa.

Ni darasi ɗaya tak na yi da shi, muna sabon aure. A wata mararraba mota ta yi ta mutuwa a hannuna, na baya suna ta danna oda, sai ya juyo, gilashi a sauke, ya ce a duk ɗalibansa bai taɓa ganin ƙafa kurma irin tawa ba. Mai sayar da jarida a gefen titi ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ja birkin hannu, na buɗe ƙofa, na tari bas na koma gida. Tun daga ranar hannuna bai sake taɓa sitiyari ba, shi ma bai sake yi mini tayi ba. Ban yafe maganar nan ba, ajiye ta kawai na yi.

Bara da lokacin sabunta takardar lafiyar malaman tuƙi ya zo, likita ya auna jinin Malam, ya sake aunawa, sannan ya aika a kawo wata na'urar. Ya ce jini ya hau, tumbi ya yi gaba, zaman mota ya yi yawa. Ya rage gishiri, ya riƙa ɗan tattaki da yamma, ya dawo bayan wasu watanni a sake gani. Abin da likita ya ce ke nan: ɗan tattaki. Ina so a riƙe wannan, don daga baya Malam ya yi ta cewa likita ne ya sa shi.

Mai makarantar, wanda kowa ke ce wa Oga, ya ji labari. Ba mugu ba ne, bakinsa ne kawai ke riga tunaninsa fita. Ya tara malamai ya ce zai mayar da Malam aji, ya riƙa koyar da alamomin hanya a allo, motar kuma a ba ɗaya daga cikin samarin malamai. Da ya tsaya a nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa ai ko daga ofishin nan zuwa bakin get Malam ba zai iya gudu ba. Samarin suka sunkuyar da kai suna dariya. A jikin bango kuwa akwai sanarwar gudun fanfalaki da za a yi a garin, kilomita arba'in da biyu. Malam ya miƙe, ya nuna takardar da makullin motarsa.

"Zan yi wannan. In ban gama ba, ni da hannuna zan ajiye maka makullin nan in ɗauki alli."

Ya dawo gida ya ba ni labari yana murmushi, kamar wanda ya samo kaya da araha. Na tambaye shi rabonsa da gudu. Ya yi tunani, ya ce akwai ranar da wata ɗaliba ta manta birkin hannu, ya bi motar har bakin kwata. Na ce to ai shi ke nan, ya riga ya yi rabin shiri.

Gaskiya abin ya tayar mini da hankali, kuma dalilina biyu ne, ɗaya mai kyau ɗaya marar kyau. Marar kyaun shi ne, malamin aji da rana tsaka yake tashi daga aiki. Na san Malam a gida da rana. Hutun da ya ɗauka na ƙarshe a kicin ya yi shi, yana tsaye a bayana yana cewa in waiga kafin in juya da tukunya, kuma ƙofar firij tana tare mini gani. Mai kyaun kuwa, mutumin nan in ka raba shi da kujerar nan ta gefen direba ban san inda zai sa kansa ba. A cikin motar yake dariya, a cikinta yake faɗa, a cikinta mutane suke jin tsoronsa suna kuma gode masa. In ya ajiye makullin nan zai tsufa a gabana cikin wata guda, na san haka kamar yadda na san sunana.

Ya sayo takalman gudu masu launin da ban taɓa ganin dattijo ya sa ba, da gajeren wando, da riga marar hannu wadda na ce sai dai ya sa ta bayan ya fita daga layinmu. Ranar farko ya fita da sassafe, kafin ruwan shayi ya tafasa ya dawo. Na leƙa ta taga na gan shi rungume da get yana haki. Da na fito sai ya ce yana duba ƙarfen ne, kamar ya fara tsatsa.

Amma Malam mutum ne mai naci. Abin da bai iya ba yau, gobe zai sake, jibi ma haka, har abin ya gaji ya miƙa wuya. Ƙarshen layi ya koma zagaye unguwa, zagaye unguwa ya koma har kasuwa da dawowa. Ya riƙa karanta harkar gudu a waya yadda yake karanta dokokin hanya, yana haddacewa yana biya mini. Man shafawata ya ƙare a cinyoyinsa. Filastar gidan ta ƙare a ƙirjinsa, ban tambayi dalili ba, ya yi mini bayani duk da haka. Farcen ƙafarsa ɗaya ya yi baƙi, ya kawo mini har kan tabarma in gani ina cikin cin abinci. Ci kuwa ya koma na mutum uku, yana cewa mai yake sha.

Abin da maƙwabta suka fi kawo mini rahoto a kai shi ne yadda yake gudun. Malam ba ya bin gefen masu tafiya da ƙafa, don a cewarsa a can yara ne da masu talla. Bakin kwalta yake bi, kuma duk abin da ke kan kwalta a wurinsa mota ne, ko da ƙafa yake tafiya. Saboda haka in zai sha kwana sai ya waiga, ya miƙa hannu ya ba da sigina. In zai wuce mai turin baro sai ya waiga, ya fita, ya koma hannunsa. In danja ta nuna ja, ya tsaya cak a bayan layi, hannu a ƙugu. Sauran masu gudu in sun tsaya suna ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya don kada jiki ya huce, shi kuwa ya ce bai taɓa ganin mota tana rawa a danja ba. Ya shiga wata ƙungiyar masu gudun safe, mako bai zagayo ba ya fita, wai sun yanke ta cikin gidan mai.

Da aka zo dogon gudu sai matsala ta ɓullo. Mutum ba zai yi sa'o'i yana gudu ba ruwa ba, kuma ba zai iya goya jarka ba. Wata rana ya tafi bai dawo ba har rana ta take, sai ga shi a bayan motar wani mai kai burodi, tsohon ɗalibinsa, leɓe a bushe, ido ya faɗa. Yana bukatar wanda zai bi shi a mota da ruwa. Autarmu tana jami'a a wani gari. Samarin malamai kuwa ya gwammace ya mutu a titi da ya roƙe su.

Sai na ga Malam ya fara wanke kwanuka. Ya yabi miyar da ya saba cewa gishiri ya yi mata kaɗan. Ya gyara ƙofar banɗaki da na yi shekara ina magana. Na yi kamar ban gane ba, na bar shi ya share tsakar gida ma tukuna. Daga ƙarshe dai ya zauna a gefen gado, yana kallon bango, ya ce titin cikin unguwar masana'antu ba na gwamnati ba ne, ranar hutu ba kowa, maigadin wurin kuma ɗalibinsa ne. Ya ce ba wani tuƙi ba ne, giya ta ɗaya ce kawai.

Na ce, "Da kurmar ƙafar?"

Ya ce wace kurma. Wallahi ya manta. Ni na yi shekaru ina juya maganar a raina, shi ko alamarta babu a kansa. Haushin wannan ne ya sa na yarda. Na kafa masa sharaɗi biyu: muddin sitiyari yana hannuna ba zai shiga motar ba, kuma ba zai juyo ya yi mini magana ba. Na farkon ya cika.

Ranar da muka fara, ya kai mu wurin a motar makaranta, ya fita, ya miƙa ƙafafu a jikin taya, ya kama gudu. Na koma kujerar direba. Na tayar da mota, na saki kuloci, ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na ƙanƙance ina jiran ihu, sai na tuna mai ihun ya yi nisa, jar rigarsa kawai nake hangowa. Kujerar gefena ba kowa sai gorunan ruwa. Na sauke numfashi na sake tayarwa, na ɗaga ƙafa a hankali, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Ashe akwai wurin da muryar inji ke sauyawa, motar ta ɗan yi kyarma, kamar tana cewa to, sakar ni. Ashe mota magana take yi. A wancan darasin ban ji ta ba ne don akwai wanda ya fi ta ƙara.

Haka muka riƙa yi duk ranar hutu. Shi a gaba, ni a baya, muna zagaya rufaffun masana'antu da tireloli masu barci. Gudun Malam ba shi da sauri, mai tallan da ya yi niyya zai iya jerawa da shi, kuma duk direba ya san tafiyar hawainiya a mota ta fi gudu wuya. Na koyi riƙe motar daidai da takunsa, ba fizga ba mutuwa, har ƙafata ta hagu ta yi ƙwanji. In yana son ruwa sai ya miƙa hannu gefe, in matsa in ba shi ta taga. In na matso da yawa sai ya kaɗa hannu ta baya, ba ya ko waigowa, ya ce, "Tazara." Kalmar da na fi ji a bakinsa ke nan a watannin nan.

Ban taɓa kallon mijina ta baya na tsawon lokaci haka ba. Na ga sanƙon da ya fi yadda nake zato faɗi. Na ga kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, saboda shekarun da ya yi yana karkata wajen ɗalibi. Na ga yana ba da sigina a kwanar da babu kowa sai ni da wata kyanwa. Wani lokaci dariya ta kama ni har in kusa sakin kuloci, wani lokacin tausayinsa ya cika mini ciki. Ina son mutumin nan, da taurin kansa da komai, a bayan sitiyari na sake tunawa.

Saura kaɗan ranar gudu ya koma wurin likita. Jini ya sauka, tumbi ya ja da baya, aka sa masa hannu a takarda. Oga da kansa ya zo gidanmu ya zauna a falo, ya ce a bar maganar makulli, wasa ne, motar ta Malam ce har sai ya gaji. Na ji kamar in yi guɗa. Malam ya saurare shi har ya gama, ya gode, sannan ya ce a gaban yara ya faɗa, a gaban yara zai cika ko ya ajiye. Oga ya dube ni, na dubi silin. Da ya tafi na yi faɗan da rabona da irinsa tun muna haya. Malam yana ta ɗaure igiyar takalmi yana kwancewa, wai yana gwada wani sabon ƙulli.

Ga yadda dokar gudun take, kamar yadda ya biya mini har na haddace. A bayan kowa akwai wata bas da masu gudu ke kira motar shara, tana tafe a hankali daidai lokacin da aka ƙayyade. Duk wanda ta cim masa ta wuce shi, an cire masa lambar riga an sa shi a ciki, ya faɗi ke nan. Ba a kwance ƙofar gamawa sai ta iso. A lissafin Malam zai riga ta, ba da yawa ba, amma zai riga ta. Na ce ai tunda za a rufe tituna ba ruwansa da danja. Ya ce, "Mu ga dai yadda suka tsara." Ya kamata in sha jinin jikina a nan, amma hankalina yana kan guga.

Da safe ya tuƙa mu, ya ajiye motar a wani lungu kusa da inda za a gama, gaban wani kantin magani. Wandon gudu ba shi da aljihu, sai ya miƙo mini makullin ya ce in riƙe kawai. Ya jaddada kawai ɗin. Ya shige cikin dubban mutane, jar rigarsa ta ɓace mini.

Oga ya zo wurin gamawa da samarin malamai, da kujeru da lema. Na farko-farko suka iso, sirara kamar tsinken tsintsiya, ko zufar kirki ba su yi ba. Aka yi ta shigowa, masu ƙarfi, masu ɗingishi, masu kuka. Rana ta ɗaga, taro ya fara raguwa. Sai na ga samarin sun haɗa kai a kan wayar ɗaya daga cikinsu, kafaɗunsu suna girgiza. Na miƙa hannu, ba wanda ya iya hana ni.

Wani ɗalibi ne ya turo bidiyo. Ga wata ƙatuwar mararraba, an tare ta da shinge ta ko'ina, babu mota ko ɗaya. Ga danja ta nuna ja, don ba wanda ya kashe ta. Ga Malam tsaye a bayan layi, hannu a ƙugu, zufa tana zuba, masu gudu suna wuce shi dama da hagu, har da wata tsohuwa mai sanda biyu. Wani ma'aikacin gudun yana roƙonsa ya wuce. Malam ya ce masa inda ɗan sanda ke ba da hannu yana wucewa, don hannun ɗan sanda ya fi danja, amma nan shinge ne kawai, shinge kuwa ba ya ba da hannu. Ma'aikacin ya ce Baba ai yau ba mota. Malam ya nuna 'yan kallo da haɓa.

"Ɗalibaina suna cikin mutanen can. In sun ga na keta ja, ranar Litinin me zan ce musu?"

Oga ya yi dariya har hawaye, sannan ya dube ni ya haɗiye ta. Ya ce an ce haka yake yi tun safe, garin nan kuwa Allah ya yi masa arzikin danja. Ya rage murya ya ce motar shara tana bayansa, saura ƙiris, kuma sai yanzu ya kama doguwar hanyar nan ta gefen layin dogo.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na dai ga ƙafafuna sun kai ni gaban kantin magani, makullin da aka ce in riƙe kawai ya shiga inda yake shiga. Tun wancan darasin ban sake hawa titin gwamnati ba. Ban taɓa sa giya ta biyu ba, a hanya na laluɓo ta, motar ta yi wata ƙara da na ji daɗin mai ita ba ya kusa. A shataletale na zagaya sau biyu kafin in sami ƙarfin halin fita. Wani mai babur ya zage ni, na amsa masa da abin da ya fi nasa. Na bi ta bayan tashar jirgi na shiga wani ɗan lungu da ke fita kan hanyar gudun, na tarar ma'aikata sun riga sun kwashe shingen suna lodawa a mota, don a ganinsu an gama.

Sai ga Malam ya gifta ta gabana. Wannan ba gudu ba ne kuma, jan ƙafa ne, kai a sunkuye, rigar ta manne masa, gishiri ya yi fari a wuyansa. Bayansa da kamar tsawon gida ɗaya ga hancin bas yana tahowa. Na saki kuloci na shiga tsakaninsu. Sigina ko tuna ta ban yi ba.

Na mayar da giya ta ɗaya, na daidaita da takunsa, na zauna daram. Wannan aikin dai na iya shi, ba wanda zai gwada mini. Hanyar siririya ce, hannu ɗaya zuwa ɗaya dawowa, da farin layi miƙe a tsakiya, irin wanda doka ta hana a tsallaka. Bas ta cika mini madubi. Wani jami'in gudun ya zuro rabin jikinsa ta tagarta yana kaɗa hannu yana cewa in kauce. Na kafa ido a kan sanƙon mijina na yi kunnen uwar shegu. Ga alamar ɗan koyo ɓaro-ɓaro a bayan motar, in yana da magana ya yi da ita. Abin da ya ba ni mamaki, ɗaya hannun fayau yake ba kowa, amma direban bas bai fita ya wuce ni ba, bai kuma danna oda ko sau ɗaya ba.

Malam bai waigo ba, amma ya san muryar injinsa ko a cikin barci. Na ga bayansa ya ɗan miƙe. Can sai ya kaɗa hannu ta baya, irin na kullum. Tazara. Mutum yana gab da faɗuwa, numfashi yana fita da ƙyar, amma ya ga na matso da yawa. Na yi dariya, sai na ji hawaye a bakina.

Saura danja ɗaya kafin ƙofar gamawa, a kan wani ɗan hawa, kuma muna isa ta nuna ja. Malam ya tsaya. Na tsaya. Bas ta tsaya. Mu uku a layi a kan titin da ba kowa, 'yan kallon da suka rage suna ta ɗaga waya. A nan tsoro ya kama ni sosai. In motar ta mutu, bas za ta sami dalilin kewaye ni. In ta zame baya, na daki bas. Ba waccan mararrabar ta da ba ce, amma a wurin ƙafata duk ɗaya ne. Na ja birkin hannu, na rufe kunnena daga jami'in can, na saurari inji. Danja ta koma kore. Malam ya ja ƙafa ya tafi. Na ɗaga kuloci har motar ta yi 'yar kyarmarta, na sauke birkin hannu, ta hau tudun nan lafiya lau kamar dama can aikinta ke nan.

Ma'aikata suna zaune a kan akwatuna lokacin da ya shiga ƙofar. Wata yarinya ta tashi ta rataya masa lambar yabo a wuya, ya nemi ƙasa ya zauna. Na ajiye motar a gefe, a karkace, na fito. Samarin malamai suna tafi, Oga yana fifita shi da hula. Jami'in gudun ya sauko yana ƙorafi, amma ba wanda ya kula shi sai Malam. Da numfashinsa ya dawo, ya ɗaga hannu ya ce akwai magana. Ya ce an tare wa bas hanya, da ba don haka ba da ta wuce shi, saboda haka bai sani ba ko gamawar nan ta halatta. Na ji kamar in ɗauki goran ruwa in maka masa.

Sai direban bas ya sauko, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu. Ya zo ya durƙusa a gaban Malam ya gaishe shi, ya ce ƙila ba zai tuna shi ba, an daɗe, shi ne ɗalibin nan da ya taɓa hawa kan buhunan siminti da ribas. Malam ya ce ya tuna. Ya tambaye shi me ya hana shi wucewa, alhali ɗaya hannun ba kowa.

Mutumin ya ce, "Farin layin bai yanke ba, Malam. Ga ɗan koyo a gabana, ga ka kana gani."

Malam ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Haka ne." Jami'in ya dubi fuskokin mutane, ya koma wajen bas. Oga ya ce to an gama magana, a gaban yara aka faɗa, a gaban yara aka cika, makulli na mai shi ne.

Mutum biyu ne suka ɗaga shi suka kawo shi wajen mota. Ya dafa ta, ya dubi yadda na ajiye ta, ya dube ni. Ya fara ƙirgawa da yatsu: na shiga hanya ba sigina, na hau titin da aka rufe, na tuƙa motar makaranta ba izini. Na ce na ji. Na miƙa masa makullinsa, na ce ga abin da ya yi wa gudun, ya riƙe da kyau.

Bai karɓa ba. Ya ce saura laifi na huɗu, wanda ya fi duka girma: ɗan koyo ba ya tuƙi sai da malami a gefensa. Ya lallaɓa yana dafa mota, ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya buɗe ƙofarsa ya zauna. Ƙafafun sun ƙi shiga da kansu, sai da ya ɗauke su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na tuna masa sharaɗina na farko, cewa ba zai shiga ba muddin sitiyari yana hannuna. Ya ce in na ga zai iya fita, in fitar da shi.

Na shiga na tayar. Na ba da sigina, na duba madubi, na waiga, na hau titi. Ina tuƙi ina satar kallon ƙafarsa ta dama, ina jiran ta fara laluben abin da ta saba. A danjar farko na tsaya a bayan layi, da ta ba da hannu na tashi ba tangarɗa. Shiru. Na juya in ji abin da zai ce. Ya cire takalman ya ɗora su a cinya, ya naɗe ƙafafunsa can gefen ƙofa, nesa da birkinsa, idonsa a rufe.

Na ɗauka barci ya yi. Sai da muka shiga layinmu ya yi magana, bai buɗe ido ba.

"Ashe ƙafar tana ji."

Na ce dama tana ji, surutu ne ya yi mata yawa. Bai musa ba. Na tsayar da motar a ƙofar gida, na kashe, na sa makullin a jakata.